Zubewar Gashi Ga Mata: Kada Ɗankwali Ya Ɓoye Miki Ciwo Har Lokaci Ya Ƙure



A Sandamu da Fago da Karkarku da Rijiyar Tsamiya, kamar sauran garuruwan masarautar Daura, mutum biyu ne suka san ainihin halin da kan mace yake ciki: ita kanta da mai yi mata kitso. Sau da yawa ma mai kitson ce take fara lura. Tana cikin tsaga sai ki ji ta ce, "Yaya, gaban kan nan naki fa ya fara cinyewa," ko kuma, "Hajiya, tsakar kan nan ta daina kama kitso." Sai a yi dariya, a karkata tsagar ta rufe wurin, a ɗaura ɗankwali, a sa hijabi, magana ta wuce. Sallah ta zo a yi sabon kitso, Gani ta zo a sake wani, wurin kuwa yana ta ƙara faɗi ba wanda ya gani.

Mata da yawa ba sa zuwa asibiti a kan gashi sai bayan shekaru, bayan sun gama kashe kuɗi a kan mayuka iri-iri. Wasu kunya ce take hana su, wasu kuma suna ganin ai gashi bai kai a ɗauki kati a ga likita saboda shi ba. Abin da muke so ki riƙe daga wannan bayani shi ne: zubewar gashi iri-iri ce, kowace da dalilinta da maganinta. Akwai wadda take warkewa da kanta, akwai wadda take nuna wani ciwo ne a cikin jiki, akwai kuma wadda take kashe saiwar gashi ta bar tabo. Saiwar da ta mutu kuwa babu man da zai tashe ta. Saboda haka zuwa da wuri shi ne rabin maganin.

Yadda gashi yake rayuwa

A kan mutum akwai silin gashi kimanin 100,000, kuma kowane sili yana da saiwarsa a cikin fata. Sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kimanin santimita 1 a wata. Daga nan sai ya huta na kusan wata 3, sannan ya faɗi, sabo ya fito daga wannan saiwar. A kowane lokaci kusan kashi 90 cikin 100 na gashinki yana tsawo ne, sauran yana hutawa. Shi ya sa mai cikakkiyar lafiya ma takan zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana.

Wannan lissafi yana da amfani ranar tsifa. Idan kitsonki ya yi sati biyu, duk gashin da ya saki a cikin kwanakin nan yana maƙale a cikin kitson, ranar da kika tsefe ne zai fito gaba ɗaya a jikin mataji. Ganin wannan curin kaɗai bai isa ya tayar miki da hankali ba. Abin dubawa shi ne ko fatar kai ta fara bayyana a inda da ba a ganinta, ko tsaga ta ƙara faɗi, ko jelar kitso ta sirance.

Ki kuma ɗauki sili ɗaya ki duba bakinsa. Idan kin ga ɗan farin kai kamar ƙwayar gero, daga saiwa ya fito, wato zubewa ce. Idan kuwa gajerun guntaye ne marasa kai, karyewa ce, kuma galibi laifin bushewa ne ko rilaksa ko zafin ƙarfen miƙar da gashi ko taza da ƙarfi. Karyewa takan yi yawa da hunturu, lokacin da iska take busar da komai.

Zubewar bayan haihuwa da bayan jinya

Wannan ita ce ta fi tsorata mata, alhali ita ce ta fi sauƙi. Lokacin da kike da ciki, sinadaran jikinki sukan riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa kan mai ciki yakan cika. Bayan haihuwa sinadaran sukan sauka, sai duk gashin da aka riƙe ya shiga hutu lokaci ɗaya. Wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, an gama wankan jego an koma ɗaki, sai ki ga gashi yana bin hannu. Saiwoyin suna nan da ransu. Zubewar takan tsaya da kanta, kuma kafin yaro ya cika shekara yawancin mata gashinsu ya dawo. Shayarwa ba ta da laifi a nan, don haka kada ki yaye ɗanki saboda gashi.

Irin wannan zubewar takan biyo bayan zazzaɓi mai zafi kamar na cizon sauro ko taifot, ko tiyata, ko ɓari, ko zubar jini mai yawa, ko babban tashin hankali irin na rasuwa ko mutuwar aure, ko rama ta gaggawa saboda shan shayin rage ƙiba. Da yake sai bayan wata 2 ko 3 take bayyana, mace takan manta da jinyar da ta yi, ta shiga zargin sabulu ko man kitso. Maganinta shi ne abinci mai gina jiki, da kitso mai sauƙi, da haƙuri na kimanin wata 6. Idan ta wuce haka ba ta tsaya ba, ki zo a duba jininki.

Akwai wata alama da ba ma so ki yi wasa da ita. Idan kin zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga baya ruwan nono bai zo ba, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, ga kasala da jin sanyi kullum, to ki hanzarta zuwa asibiti. Zubar jinin tana iya lalata wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda take sarrafa sinadaran jiki. Wani likitan Ingila mai suna Harold Sheehan ne ya yi bayanin wannan ciwo a 1937, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Yana iya yin kisa idan aka bar shi, amma yana da magani.

Ƙarancin jini da maƙoƙo

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Haihuwa kusa-kusa, da al'ada mai yawan zuba, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, duk suna cinye sinadarin ƙarfe da jiki yake haɗa jini da shi. Idan ya yi ƙaranci, saiwar gashi tana cikin waɗanda suke fara jin jiki. Alamunsa su ne gajiya, da jiri, da haki idan an yi ɗan aiki, da farin ido da tafin hannu, wani lokaci har da kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa.

Idan gwaji ya tabbatar, za a ba ki ƙwayar ƙarin jini. Ki ci gaba da sha har kimanin wata 3 bayan jinin ya cika, domin ma'ajiyar jiki ta cika ita ma. Bayan gida yakan yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Ki ajiye ƙwayoyin inda yara ba za su kai ba, domin suna da haɗari ga yaron da ya sha da yawa. A ɓangaren abinci kuwa, yawancin abin da kike buƙata yana cikin gidanki ko kasuwar garinku: wake, da zogale, da alayyahu, da rama, da gyaɗa, da ƙwai, da kifi, da hanta idan da hali. Ki haɗa da tumatir ko lemo ko gwaiba ko kwalba da nono ta garin kuka, domin suna taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin. Shayi kuwa yana hana tsotsarsa, saboda haka ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko ƙwayar.

Haka nan halittar da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo, tana zubar da gashi idan aikinta ya yi ƙasa ko ya yi yawa. Idan ya yi ƙasa za ki ji sanyi da nauyin jiki da taurin bayan gida, fata ta bushe. Idan ya yi yawa za ki rame alhali kina cin abinci, ga faɗuwar gaba da gumi da rawar hannu. Gwajin jini ne yake bambancewa, kuma idan aka daidaita ta gashi yakan dawo.

Cinyewar goshi da gefen kai

Ga wadda muka fi gani, kuma da hannunmu muke jawo ta. Kitso mai tsauri yana jan saiwar gashi dare da rana. Gashin goshi da na saman kunne shi ne mafi rauni, shi ya sa can take farawa. Ƙananan kitso, da shuku da aka ɗaure tamau, da kalaba mai nauyin ƙarin gashi, da kitson zare, da tufke gashi da roba a wuri ɗaya kullum, da acuci mai nauyi, da ɗaurin ɗankwali ko hular ciki da ke gurzar goshi, duk suna cikin masu laifi. Rufe kai shi kansa ba ya zubar da gashi. Matsewar ce take ɓarna.

A 2007 wata likitar fata a Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, da abokan aikinta sun duba kawunan manya da na 'yan makaranta. Sun sami wannan matsala a kan kusan mace 1 cikin 3, da kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta. Sun kuma gano cewa haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai jan gashi a kan da aka sa wa rilaksa.

Jikinki yakan yi miki gargaɗi tun da wuri. Idan kin tashi daga gaban mai kitso kina jin fatar goshi a ɗame, ko kin kasa kwanciya a kan matashi, ko sai kin sha maganin ciwon kai, ko ƙananan ƙuraje sun feso a bakin tsaga, kitson ya yi tsauri. Ki tsefe shi a ranar, ko da na biki ne, ko da kin biya kuɗi. A wannan mataki idan aka daina jan gashin yakan dawo cikin watanni, likita kuma yana iya taimakawa da maganin kumburi da na tsiro. Idan aka shekara da shekaru ana ja, wurin yakan zama sumul yana sheƙi, ba a ganin ko ramukan gashi. A nan saiwar ta riga ta tafi.

Iyaye mata, wannan magana ta fi shafar 'ya'yanku. Yarinyar da ake dannewa tana kuka ana yi mata ƙananan kitson sallah tun tana shekara 3, ita ce za ta zo aure goshinta a cinye. Ku yi musu manyan kitso mai sassauci, ku bar gashin bakin goshi ya huta.

Rilaksa da dayis

Man rilaksa sinadari ne mai ƙarfi, yawancinsa dangin sodar da ake yin sabulu da ita ne. Yana miƙar da gashi ne ta hanyar karya ƙarfinsa, kuma yana ƙona fata idan ya daɗe. Idan ba za ki iya bari ba, to kada ki maimaita kafin sati 8 zuwa 12, a shafa shi a kan sabon tsiro kaɗai, kada a wuce mintunan da aka rubuta a jikin kwalin, kuma da kin ji zafi a wanke. Ki bari sai bayan sati 2 kafin ki yi kitso. Kada a sa wa ƙananan yara. Baƙin dayis kuma yana ɗauke da wani sinadari da jikin wasu ba ya karɓa, har fuska da fatar kai su kumbura su yi ruwa. Wadda ta taɓa samun haka kada ta sake kusantarsa.

Zubewar tsakar ka mai barin tabo

Wannan ita ce muka fi jin tsoro, domin a hankali take tafiya, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ta fi kama mata baƙaƙen fata, galibi daga shekara 30 zuwa sama. Takan fara daga tsakar ka ta riƙa faɗaɗa a zagaye. Wasu suna jin ƙaiƙayi ko zafi ko tsami idan an taɓa wurin, wasu kuwa ba sa jin komai. Alamar farko wani lokaci ita ce gashin tsakar ka ya riƙa karyewa ya ƙi tsawo. A ƙarƙashin fata kumburi ne yake cin saiwa ɗaya bayan ɗaya.

Likitocin Amurka da suka fara bayaninta a 1968 sun ɗora laifin a kan matajin ƙarfe da ake gasawa a wuta. Daga baya aka ga tana kama har matan da ba su taɓa amfani da shi ba, kuma a 2019 masu bincike suka gano cewa a wasu matan akwai gado a ciki. Don haka idan mahaifiyarki ko gwaggonki tana da fili a tsakar ka, ki riƙa sa mai kitsonki tana duba miki wurin.

Manufar magani a nan ita ce a tsayar da ita, a ceci gashin da ya rage. Likita yakan ba da man shafawa mai kashe kumburi, ko ya yi 'yan ƙananan allurai a fatar kan duk bayan sati 4 zuwa 6, ko ya haɗa da ƙwayoyin sha na wasu watanni. Wadda ta zo filin yana kamar kwabo, da wadda ta zo ya kai faɗin tafin hannu, sakamakonsu ba ɗaya ba ne.

Sanƙon mata

Mata ma suna gadon sanƙo, sai dai nasu bai cika kai wa irin na maza ba. Gashin saman kai yakan sirance, tsagar tsakiya ta yi faɗi, gashin goshi kuma yana nan. Ya fi bayyana bayan ɗaukewar al'ada. Idan ya zo wa mai ƙuruciya tare da rikicewar al'ada, da ƙurajen fuska, da gashi a haɓa ko ƙirji, ko jinkirin samun ciki, to a duba ma'ajiyar ƙwan haihuwarta.

Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne minoksidil. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shansa suna fitar da gashi, aka mayar da shi na shafawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da mai ƙarfin kashi 2 domin mata a 1991, da mai kumfa na kashi 5 a 2014. Na kashi 2 sau biyu ake shafawa a rana, mai kumfa sau ɗaya. Kafin ki fara, ki san waɗannan:

1. A fatar kai ake shafawa, tana bushe, sannan ki wanke hannunki. Idan yana gangarowa fuska zai fitar miki da gashi a can.
2. A makonnin farko zubewar takan ƙaru. Tsohon gashi ne yake ba sabo wuri, kada ki daina.
3. Sai bayan wata 4 zuwa 6 ake fara ganin canji.
4. Idan kika daina, gashin da ya fito zai zube cikin 'yan watanni. Ki yi lissafin aljihunki tun farko.
5. Mai ciki, da mai neman ciki, da mai shayarwa, kada su yi amfani da shi.

Akwai ƙwayoyin sha da likitan fata yake iya ƙarawa, kamar sifironolakton ko ɗan ƙaramin awo na minoksidil ɗin sha. Waɗannan suna taɓa hawan jini, wasunsu kuma suna cutar da ɗan tayi, saboda haka ba na saye a kemis ba ne da ka. Dashen gashi kuma aiki ne mai tsada, kuma ba a yin sa a kan fatar da kumburi yake ci.

Zagayayyen fili da ke bayyana dare ɗaya

Wani lokaci mace takan wayi gari mai kitso ta gano mata wani fili zagayayye, sumul kamar an aske, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Da yake farat ɗaya yake zuwa, zuciya takan tafi ga sammu ko jifa, har a shiga zargin kishiya ko maƙwabciya, zumunci ya lalace. Abin da yake faruwa shi ne garkuwar jiki ce ta yi kuskure ta auka wa saiwar gashi. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma saiwar ba ta mutuwa. Idan filin ɗaya ne ko biyu, da yawa gashin yakan dawo da kansa cikin shekara, wani lokaci fari yake fara fitowa kafin ya yi baƙi. Allurar kashe kumburi a wurin tana hanzarta shi. Ga waɗanda ya cinye musu kai gaba ɗaya, a 2022 an amince da wata ƙwaya mai suna barisitinib a Amurka, sai dai tana da tsada kuma sai da kulawar ƙwararren likita. Ki yi addu'arki, ki kuma zo a duba.

Makero a kan yara

Idan 'yarki tana da fili mai furfura kamar toka, gashin wurin ya kakkarye, tana susa, to mai yiwuwa makero ne. Ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, kuma tana bin mataji da kibiyar kitso da hula da matashi da askar wanzami. Man shafawa kaɗai ba ya kashe ta, domin tana cikin silin gashin. Sai an sha magani, kamar girisiyofulbin na sati 6 zuwa 8, ana sha da abinci mai maiƙo. Idan wurin ya kumbura yana fitar da mugunya, kada a tsaga, kada a sa toka ko kanwa, a kawo ta asibiti kafin ya bar mata tabo. A duba sauran yaran gidan, kowa kuma ya riƙe matajinsa.

Mayukan talla da na gida

Man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun suna tausasa gashi su rage karyewa, haka ma wanke kai da karkashi da kakanninmu suke yi. Ki ci gaba da su. Amma babu ɗayansu da yake ƙara jini, ko kashe makero, ko tsayar da kumburin da ke cin saiwa. Idan kuma kina da amosani, labta mai a fatar kai yana iya ƙara shi. Abin da ya dace da shi shamfu ne mai maganin ketokonazol.

Ki yi hattara da haɗe-haɗen da ake tallatawa a motoci ranar kasuwa ko a WhatsApp da TikTok, masu alƙawarin gashi har gadon baya cikin sati biyu. Mun riga mun ga cewa gashi santimita 1 yake yi a wata, babu man da zai sauya wannan. Duk abin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kuma ba shi da lambar hukumar NAFDAC, kada ya hau kanki. Goga tafarnuwa ko kanwa a fili yana ƙona fata, ƙuna kuma tabo take bari. Ƙwayoyin bayotin da ake sayarwa domin gashi ba su da wani amfanin da aka tabbatar ga wadda ba ta da ƙarancinsa, kuma suna rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na maƙoƙo. Idan kina sha, ki gaya wa likita.

Wasu magungunan asibiti ma suna zubar da gashi, musamman na ciwon daji, amma yakan dawo bayan an gama. Kada ki daina wani magani da aka rubuta miki saboda gashi sai kin yi shawara da wanda ya rubuta.

Idan za ki zo asibiti

Ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke, a Sandamu ko Daura, inda za a iya gwada jininki a kuma yi maganin makero. Idan ana buƙatar likitan fata za a ba ki takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, kamar na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano da ke Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ki zo da kanki a tsefe, a wanke, ba mai. Ki zuba duk mayuka da ƙwayoyin da kike amfani da su a leda ki taho da su. Ki tuna lokacin da abin ya fara, da haihuwarki ta ƙarshe, da jinyar da kika yi a watannin baya, da yadda al'adarki take. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: sai an buɗe kai an gani kafin a san magani. Kina da damar neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke. Likita zai duba fatar da madubin ƙara girma, ya ɗan ja gashin ya ga yadda yake saki. Idan yana zargin mai barin tabo, yana iya kashe wurin da allura ya ɗauki ɗan guntun fata da bai wuce ƙwayar dawa ba domin a auna.

Kada ki jira idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: fili mai sheƙi, ko ciwo da ƙaiƙayi a tsakar ka, ko ƙuraje masu mugunya, ko zubewar da ta wuce wata 6, ko zubewar gira, ko zubewar da ta zo da rama ko ciwon gaɓoɓi ko tabo a fuska.

Kafin nan, ki wanke kanki duk sati ɗaya ko biyu, ki bari ya bushe kafin ki rufe. Ki taje da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa gindi. Ki riƙa sauya salon kitso da inda tsaga take bi, ki bar kan ya sha iska kwana biyu tsakanin tsifa da sabon kitso.

Masu kitso, ku ne kuka fi kowa ganin kan mata. Idan kun ga fili, maimakon ku rufe shi da tsaga, ku gaya wa mai shi a asirce ta je asibiti, ku kuma sassauta hannu a goshi. Maigida, idan iyalinka ta kawo maka wannan kuka, kada ka mayar da shi abin zolaya ko gori. Ka ba ta izini da kuɗin mota, domin mai yiwuwa jininta ne ya yi ƙasa.

Uwargida, a tsifarki ta gaba ki ɗauki madubi biyu ki tsaya a inda haske yake, ki duba goshinki da gefen kunnuwanki da tsakar kanki. Idan kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki zo a wannan watan. Allah ya ƙara mana lafiya.